Na'ura ta rubuta manhajar, wa zai amsa laifinta?

A ranar 14 ga watan Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa kuskure daga ɓangarensu ne ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Jama'a sun fi riƙe hawayen da ya zubar. Ni bayanin kuskuren ne ya tsaya mini a rai. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, gyaran ya hau wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke karɓar amsoshin ɗalibai, bai hau wasu ba, kuma ba a gano ba sai da sakamako ya fita iyaye suka yi ca. Masu rubuta manhajar sun iya aikinsu, tunda har sun rubuta gyaran. Wanda aka rasa shi ne mai bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar abin da aka ce an ɗora an ɗora shi ɗin.

Kada a ce wannan halin Najeriya ne. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannayen jari, ya wayi gari da sabon kod a kan kwamfutoci bakwai cikin takwas. Ta takwas ɗin an tsallake ta, ga shi tana ɗauke da wani tsohon kod da aka daina amfani da shi shekaru da dama amma ba a goge ba. Da kasuwa ta buɗe sai tsohon kod ɗin ya farka ya shiga saye da sayarwa ba ji ba gani. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440. Binciken hukuma ya nuna ba a sa wani ma'aikaci na biyu ya duba aikin na farko ba.

Na kawo waɗannan ne saboda maganar da ta cika bakin matasanmu masu sha'awar kwamfuta. Tun da GitHub Copilot ya bayyana a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen 2022, ake ta cewa koyon rubuta manhaja ya zama tsohon yayi, ka faɗa wa ƙirƙirarriyar basira abin da kake so kawai ta zubo maka. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cikin masu cewa a guje ta. Abin da a da yake cin mako yanzu yana fitowa kafin shayi ya huce. Sai dai buga kod ɗin bai taɓa zama mafi wuyar aikin ba. Tun 1986 Fred Brooks, wanda ya jagoranci ɗaya daga cikin manyan ayyukan manhaja na IBM, ya raba wahalar gida biyu: wadda kayan aiki ke jawowa, da wadda ke cikin jinin aikin, wato gane ainihin abin da ake son ginawa. Sababbin kayan aiki suna rage ta farko. Ta biyun tana nan inda ya bar ta.

A ɗauka wani Alhaji a Kantin Kwari ya kira ka ya ce, "Yaro, yi mini abin da zai riƙe mini lissafin kaya da na bashi." Idan ka kwashe wannan jimla ka miƙa wa na'ura, za ta ba ka manhaja mai kyan gani kafin la'asar. Amma Alhaji bai gaya maka cewa masu sari daga Agadas da Maraɗi suna biya kashi-kashi ba, wani da sefa, wani ta hannun ɗan'uwansa. Bai gaya maka ba ya son yaran shago su ga farashin da ya saro kaya ba. Bai ce komai ba game da bandir ɗin da aka dawo da shi bayan an yanki yadi biyar, balle abin da ya kamata ya faru idan netwok ya ɗauke ana tsakiyar shigar da kuɗi, yaro ya sake dannawa, biya ɗaya ya shiga sau biyu. Ba ɓoye maka ya yi ba. A wurinsa waɗannan abubuwa ne da kowa ya sani. Injiniya shi ne wanda zai zauna a shagon yini guda, ya kalli yadda ake rubutu a tsohon littafin bashi, ya yi ta tambaya har Alhaji ya fara ƙosawa. Na'ura tana amsa tambayar da aka yi mata, da ƙarfin hali iri ɗaya ko ta dace ko ta kauce.

Sannan akwai karatu. Yanzu da rubutu ya yi araha, tsadar ta koma wajen mai iya karanta kod ɗin da ba shi ya rubuta ba, ya ce nan akwai rami. A watan Maris na 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund yana gwaje-gwajensa sai ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Yawancinmu da mun ɗora wa intanet laifi mun wuce. Shi ya bi sawu har ya tono wata ƙofar sirri da aka dasa a xz, ƙaramar manhajar matse fayil da tsarin Linux ke dogaro da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa aikin kamar mutumin kirki har aka amince masa. Abin da ya ceci ɗimbin kwamfutoci shi ne mutum guda da ya san yadda kwamfutarsa take idan tana lafiya, har ya ji canjin numfashinta.

Irin wannan kunne ba a samun sa sai an kwana da matsala, kuma nan damuwata take. Ƙananan gyare-gyaren da ake ba sabon shiga ya yi ta fama da su, ya fasa ya gyara, su ne makarantar da ke fitar da gwanaye, kuma su ne na'ura ta fara karɓewa. Yaron gareji da bai taɓa kwance kabireta da hannunsa ba, yaushe zai tsaya daga nesa ya ji ƙarar inji ya ce ga abin da ke damun motar? Kamfanin da ya daina ɗaukar sababbi yau don ya rage albashi, nan da shekara goma zai nemi manya ya rasa.

Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana da burin horar da matasa miliyan uku, ga kuma cibiyoyin koyarwa masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Jos. Idan ma'aunin kammalawa shi ne ɗalibi ya nuna manhajar da ya haɗa, to ma'aunin ya mutu, domin wayarsa za ta haɗa masa ita a dare ɗaya. Malam ya miƙa wa ɗalibi manhajar wani mai ɗauke da cuta a ɓoye, ya ce nemo ta. Ya sa shi rubuta gwajin da zai kama kuskure kafin mai kaya ya kama. Ya koya masa sakin gyara kaɗan-kaɗan, a fara da mutum ɗari kafin a kai ga miliyan, da yadda ake komawa baya idan abu ya rikice. Ko kamfanin tsaro na CrowdStrike sai da gyaransa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ranar 19 ga Yulin 2024, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda, sannan ya yi alƙawarin riƙa sakin irin wannan gyaran mataki-mataki.

Mafi nauyi kuwa shi ne iya buɗe baki. A Birtaniya, manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi a rassan gidan waya. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa sama da 900, wasu sun shiga kurkuku, wasu sun tsiyace, alhali akwai waɗanda suka san manhajar tana da kurakurai. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Kowane injiniya zai ci karo da ranar da oga zai ce a saki kawai, an riga an gayyaci baƙi, shi kuma ya san ba a gama gwaji ba. Na'ura ba ta da aikin da za ta rasa idan ta ce a dakata, ba kuma za a kira ta kotu ba idan ta yi shiru.

Saboda haka masu ɗaukar aiki su daina hana mai neman aiki amfani da ƙirƙirarriyar basira a lokacin gwaji. A bar shi ya yi da ita. Idan ya gama, a ja kujera a zauna kusa da shi, a nuna layi na arba'in a ce ya yi bayanin abin da yake yi, sannan a ce masa mai kaya ya canza shawara, yanzu rassa uku ne ba ɗaya ba, a ga ta ina zai fara. Hukumomin gwamnati masu ba da kwangilar manhaja kuma su sa a takardar yarjejeniya cewa kafin a ɗora kowane gyara sai an rubuta sunan wanda ya gwada, da na wanda ya duba bayansa, da matakin da za a bi a dawo da tsohon tsari cikin sa'a guda idan sabon ya ƙi.