"IN AN BIYA BA A MAYAR DA KUƊI": INA MATSAYIN DOKA?

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin dillalin tafiye-tafiye a Kano ko Kaduna, ko ya kama ɗaki a otal, ya san wata 'yar magana da akan buga da ƙananan haruffa can a gindin rasiɗi, watau in an biya ba a mayar da kuɗi. Jama'a da yawa sun ɗauke ta tamkar hukuncin alƙali. Ma'aikaci ya shekara yana tsimi, ya haɗa da kuɗin hutunsa don ya kai iyalinsa Yankari ko ya je Umara a watan azumi, ana saura 'yan makonni sai a ɗage masa hutun, ko rashin lafiya ta faɗo gida. Da ya koma ofishin, sai akawu ya nuna masa wannan layi da yatsa, shi kuwa ya haɗiye baƙin cikinsa ya juya. Haka ɗalibin da ya sayi tikitin komawa gida, sa'an nan aka sauya ranar jarrabawa.

To, abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, rubutun da ɗan kasuwa ya yi a rasiɗinsa ba ya shafe dokar ƙasa. Akwai Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar nan ta FCCPC. Sashe na 120 na dokar ya ba mai saye ikon fasa duk abin da ya kama tun kafin lokaci, ko kujerar mota ce, ko ɗakin otal. Abin da aka yardar wa mai sayarwa shi ne ya cire ladan fasawa daidai gwargwado. Wajen auna wannan gwargwado akan duba irin hajar, da tsawon sanarwar da aka bayar, da yiwuwar samun wani mai saye, da kuma al'adar sana'ar. Bugu da ƙari, idan mutuwa ko kwanciya a asibiti ce ta hana wanda aka kama wa wurin zuwa, dokar ta hana a cire ko da kwabo.

An riga an gwada wannan doka a gaban shari'a. A 2021 wani lauya ya sayi tikitin Naira 500 a wani kamfanin motocin haya, daga Obollo-Afor zuwa Inugu. Ya zauna wajen awa biyu mota ba ta cika ba, ya nemi kuɗinsa, aka ce ƙa'idar kamfani ta hana. Ya kai ƙara, kuma a 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke hukunci cewa wannan ƙa'ida haramtacciya ce, ta umurci kamfanin ya biya shi diyyar Naira 500,000.

Amma adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Kujerar jirgin sama da ɗakin otal ba kamar buhun gero ba ne da za a mayar rumbu a jira kasuwar gobe. In jirgi ya tashi da kujera babu kowa, kuɗinta ya tafi ke nan har abada. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da tikiti iri biyu, mai tsada wanda ake iya mayarwa, da mai araha wanda ke ɗaure da sharuɗɗa. Wanda ya zaɓi araha ya san ba ta ado, kuma wanda ya yi shiru har ranar tafiya ta wuce bai kyauta wa abokin cinikinsa ba. Irin wannan mutum ba shi da bakin neman kuɗinsa cif.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin wanda ya ba da sanarwa da wuri. A ɗauka, a misali, mutum ya biya Naira 200,000 na kwana bakwai, ya fasa tun da sauran wata biyu, mai otal kuma ya sa wani baƙo a ɗakin a waɗannan ranaku. In ya riƙe kuɗin na farko gaba ɗaya, ya ci kuɗin ɗaki ɗaya sau biyu, alhali asararsa ba ta wuce ta takarda da tawada ba. Wannan cin dukiyar mutane ne. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna irinsa a babin kafin alƙalami, inda mazhabar Malikiyya ta hana mai kaya ya riƙe shi in ciniki ya warware, Hambaliyya kuwa ta yarda.

Wajibi ne kuma a rarrabe tsakanin wanda ya fasa da kansa da wanda aka fasa masa. In kamfanin jirgi ne ya soke tashi, fasinja na da haƙƙin kuɗinsa duka, kome arahar tikitin. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, watau NCAA, na 2023 sun ce a mayar nan take in da tsabar kuɗi aka saya, in kuwa ta banki ne, cikin kwana 14. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta yanka kwana 7. Maniyyata ma sun ga misali a 2020, sa'ad da Sa'udiyya ta taƙaita aikin Hajji ga mazauna ƙasarta saboda annobar korona: Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ba su zaɓi, ko su karɓi kuɗinsu, ko su bar shi ajiya zuwa wata shekara.

Saboda haka, wanda tafiya ta gagare shi kada ya tsaya jan ƙafa. Ya sanar da kamfanin a rubuce ran da ya tabbata ba zai je ba, ya adana kwafin takardar tare da rasiɗi, domin magana ta fatar baki iska ce ke kwashe ta. In asibiti ne dalili, ya haɗa da takardar likita. Ya nemi a fayyace masa abin da za a cire da dalilin cirewa. A tikitin jirgi akwai harajin filin jirgi da ba ya hawa kan mutum sai ya tashi, kuma sau da yawa akan mayar da shi ga wanda ya tambaya. In kuɗi ya ƙi fitowa, ya nemi a sauya masa rana. In duk an toshe kunne, ƙofar FCCPC da ta NCAA a buɗe suke, bayansu kuma ga kotu. Sai dai a lura, otal ɗin da ke Dubai ko Landan wanda aka kama ta intanet yana bin dokar ƙasarsa ne, don haka a karanta sharuɗɗansa tun kafin kuɗi ya bar aljihu.

Sauran aiki yana wuyan hukuma. Dokar da talaka bai san da ita ba, ba ta da bambanci da wadda ba a kafa ba. Ya kamata FCCPC ta fassara sashe na 120 cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta shi a gidajen rediyo, a kuma liƙa shi a tashoshin mota da filayen jirgi. Ya kamata a tilasta wa dillalai su rubuta ladan fasawa ƙarara a fuskar rasiɗi, kaza in saura wata guda, kaza in saura mako. Ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai su ma suna da rawar takawa, domin ƙarar da mutum ɗaya zai ji nauyin kaiwa saboda Naira 20,000, ƙungiya za ta iya ɗauka a madadin mutum ɗari. Ran da kamfanoni suka ga jama'a sun fara tambaya a rubuce, su da kansu za su goge wannan layi daga rasiɗinsu.