Yarinyar Galmi da waƙar da ba mu rubuta ba

A watan jiya na hau kar daga Yamai zuwa Maraɗi. Da muka tsaya Galmi, ƴan talla suka yanyame tagogi da tiren albasa da gujiya da ƙwan zabi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 10 ba ta ce mini kashin albasa dala arba'in. Na ce talatin. Muna cikin ja-in-ja direba ya tada mota. Ta bi mu da gudu gefen gudron, sai na jefa mata kuɗin ta taga kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ban ma duba ko ta tsince su ba.

Wallahi har Madawa abin na cina. Ni da nake biyan jika biyu na shawarma a Yamai ban taɓa cewa a rage mini ba, yau dala goma nake ƙwacewa hannun ƴar manomi.

Marubuta waƙa sun daɗe da ganin wannan hali. A 1936 Ba'amurke Robert Frost ya fitar da waƙa kan ƙauyawan da suka kafa rumfa bakin hanya suna jiran motocin birni. Motocin na wucewa, wanda ya tsaya kuma hanya yake tambaya. A ƙasar Hausa, Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da fasinja ba ya ko gaisarwa.

To mu fa? Ƴan slam ɗinmu suna waƙar ƙasa da ƴanci da darajar talaka, muna tafi. Amma talakan waƙoƙinmu ba shi da suna, ba shi da gari. Yarinyar Galmi na da suna, ni ne ban tambaya ba.

Wani zai ce waƙa ba ta cika tukunya. Gaskiya ne. Sai dai wanda ka saurari labarinsa, da wuya ka jefa mishi kuɗi a ƙasa. Daga nan kuma za ka soma tambayar abin da ya hana ta zama lakwal ranar Talata da hantsi.

Ƴan'uwa masu alƙalami, ku sauko daga kar, ku zauna ƙarƙashin rumfar, ku ji da kunnenku kafin ku rubuta. Mu sauran kuma, mu gaisa, mu biya a hannu kafin mota ta tashi.