CrowdStrike: Tun a wurin aiki aka shuka matsalar

Ranar 19 ga Yulin 2024, gyaran manhaja da kamfanin CrowdStrike ya tura ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5. Jirage suka kasa tashi, aiki ya tsaya cik a bankuna da asibitoci. Kamfanin ya ce manhajarsa ta tantancewa ce ta bar kuskuren ya wuce, ga shi kuma lokaci guda aka tura wa kowa.

Ni dai a ganina nan gizo ke saƙar, wato yadda aka gudanar da aikin. Tun 2005 wani bincike kan Windows Server 2003 ya nuna sassan da aka fi yi wa kwaskwarima, gwargwadon girmansu, sun fi tara kurakurai. To kwamfutoci nawa aka fara tura wa gyaran CrowdStrike don a ga abin da zai biyo baya? Sai da ɓarna ta auku kamfanin ya yi alkawarin sakin irinsa kashi-kashi.