SHARHI: An kai dillalan magani Dangwauro, amma wa ke duba kemis a Kura da Bunkure?

A tsakiyar watan Fabrairun 2024, jim kaɗan bayan Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke hukuncin cewa dillalan magunguna su tashi daga tsakiyar gari, jami'an hukumar NAFDAC da na Hukumar Kula da Harkar Magunguna ta Ƙasa, wato PCN, suka dira Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja, suka garƙame shaguna 1,321. Manufar ita ce a tilasta wa masu sari komawa cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, kan titin Zariya, wadda aka buɗe tun a 2023 a matsayin irinta ta farko a Najeriya. A can akwai ofisoshin hukumomin sa ido, kuma ana iya bin sawun kowane katan, daga inda ya fito zuwa inda za shi.

Wannan titi na Zariya shi ne ya zarce zuwa Kura, kimanin kilomita 30 daga birni, inda filayen noman rani suka shimfiɗu har Bunkure da Garun Malam. A nan ne za a gane ko gyaran Dangwauro ya kai ga majinyaci.

Yankin yana da buƙatar magani irin tasa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka jawo ruwanta zuwa Kadawa, ba kasafai ruwa ke yankewa a gonakin shinkafa da tumatir da alkama ba. Wannan arziki ne, amma sauro ma ya samu gida rani da damina. Yaran da ke wanka a magudanan ruwa suna fuskantar tsargiya, masu feshi kuma suna shaƙar gubar maganin ƙwari. Ga leburorin da ke kwararowa lokacin dashe da girbi, waɗanda kwana ɗaya a kwance ke nufin kwana ɗaya babu kuɗin cefane. Irin wannan mutum ba ya tafiya Babban Asibitin Kura ya bi layin kati. Kemis ɗin bakin hanya yake zuwa, ya faɗi abin da ke damunsa, a haɗa masa na naira ɗari biyar, ya koma gona.

A idon doka shagunan magani iri biyu ne. Akwai famasi, wanda dole ya kasance ƙarƙashin ƙwararren masanin haɗa magunguna mai rajista, kuma shi aka yarje wa bayar da maganin da sai da takardar likita. Akwai kuma kemis, wanda lasisinsa ya taƙaita ga jerin ƙananan magungunan da hukuma ta amince masa, kuma a cikin kwalinsu na asali. Ba a ba mai kemis izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle ajiye tiramadol. Dokar PCN da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗora wa hukumar alhakin rajista da duba duka biyun, tare da ikon rufe wanda ya saɓa.

Matsalar ita ce famasi ɗan birni ne. Ƙwararru sun fi taruwa inda ake da ciniki da wutar lantarki, ƙauyuka kuma suka zama na kemis. Ko a birnin ma akwai tsohuwar dabarar da masu sana'ar suka sani: attajiri ya yi hayar lasisin ƙwararre ya rataye a bango, mai lasisin kuma ba a sake ganinsa sai lokacin sabuntawa. A ƙauye ba a ma buƙatar wannan wahala, domin mai kemis shi ne “likita”, kuma haka jama'a ke kiransa.

Abin da mai duba shago ya kamata ya nema ba boyayye ba ne: lasisi na bana, rasit da ke nuna inda aka saro kaya, lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwali, sai kuma yanayin ajiya. Wannan na ƙarshe shi aka fi rainawa, alhali ya fi sauran shafar yanki irin Kura. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu cewa kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30. A watan Afrilu zafin Kano kan haura 40, kuma a cikin shagon kwano mai ƙofa ɗaya abin ya fi haka. Allurar oksitosin, wadda ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Ke nan magani na iya barin Dangwauro da ingancinsa, ya rasa ƙarfinsa a kan kanta, ba tare da kowa ya yi jabunsa ba. Kwalin yana nan, lambar tana nan, wa'adin bai cika ba. Samamen da ke tambayar takarda kawai ba zai taɓa kama wannan ba.

Shi kuwa samame, kusan shi ne salon da aka saba da shi. Tawaga ta zo na 'yan kwanaki, a rufe shaguna, a kira 'yan jarida a faɗi adadi, a tafi. Labari kan riga tawagar isa ƙauye na gaba, ƙofofi su rufu da kansu. Abin da ba kasafai ake sanar da jama'a ba shi ne shaguna nawa aka sake buɗewa, da sharaɗin da suka cika, da mutum nawa aka kai kotu. Ga shi kuma masu ruwa da tsaki sun yi yawa: PCN tana da shago da mai shago, NAFDAC tana da maganin, NDLEA tana da kayan maye, hukumar PHIMA ta jihar Kano tana da wuraren jinya masu zaman kansu. Kemis ɗin da ke yin ƙarin ruwa a ɗakin baya, yana kuma ɓoye tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, ya shiga hurumin dukansu huɗu, kuma wannan ne ke ba kowace damar jiran 'yar'uwarta.

Tarihi ya nuna abin da sakaci ke jawowa. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84. A 2018 sai da BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi miliyan 14.3 a ƙasar, Kano kuma na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari a Arewa.

Duk da haka, masu kiran a rufe kowane kemis mara ƙa'ida suna tsallake wata tambaya: idan an rufe, ina uwar da ɗanta ke zazzaɓi da tsakar dare za ta nufa? Amsar ita ce mai tallar magani a baro ranar kasuwa, wanda ba shi da adireshi balle lasisi. PCN da kanta ta fahimci haka, shi ya sa ta fito da tsarin raba masu kemis zuwa matakai uku gwargwadon horon lafiyar da suke da shi, domin ma'aikacin jinya ko na lafiyar al'umma ya samu izinin yin abin da wanda bai yi karatun ba ba zai yi ba. Tsari ne mai ma'ana, sai dai ba ya aiki in babu mai dawowa ya duba a kai a kai.

Abu mafi sauƙi shi ne a wallafa sunayen shagunan da ke da lasisi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a manna a sakatariyar Kura da ta Bunkure da ƙofar dagatai, tare da ranar da aka duba kowanne a ƙarshe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa PCN ya nemi wannan jeri, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.