Ɗanka Zai Koyi Faɗin Gaskiya Ne, Ko Wanke Manya?

Ran kasuwar Gwarzo wani dattijo mai awon hatsi ya tare ni da takarda a hannu, ya ce, "Malam Akawu, duba mini wannan. Yaron nan nawa ya ce zai tafi jami'a ya karanta hulɗa da jama'a, wai a ciki har da yadda a ke magana in masifa ta auku, da yadda a ke tsare sunan ma'aikata. Ni dai na san likita magani ya ke yi, injiniya kuwa gada. Wannan in ba roƙo ba mene ne? In sayar da dawata don yaro ya zama maroƙi mai kwat?"

Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, domin na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba. Duk wanda ya hau mota daga Gwarzo ko Kabo zuwa birni ta ƙofar Jami'ar Bayero ya ke wucewa, inda a ke koyar da aikin jarida da hulɗa da jama'a, 'ya'yanmu kuwa sun fara leƙa ciki. Amsata ita ce, Baba, bar shi ya tafi, amma da sharaɗi. Kafin in faɗi sharaɗin, bari mu tuna abin da rashin wannan ilmi ya jawo mana a ƙasar Kano.

A cikin 1996 annobar sanƙarau ta faɗo. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya yi gwaji a kan yara 200, rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi. Ba a fito an yi wa talakawa bayani ba, sai a cikin 2000 wata jaridar Amurka ta tone maganar. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 75 a sulhu da Gwamnatin Kano, ba tare da ya amsa laifi ba.

To, jama'a, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A cikin 2003 da aka ce a kawo yara a ɗiga musu maganin shan inna, sai magana ta bazu wai an sa abin hana haihuwa a ciki. Maganar ba ta da tushe, amma ta sami wurin zama a zukatan mutane don sun tuna 1996. Mahukunta kuwa maimakon su zauna da iyaye, sai suka ɗauke su jahilai. Aka dakatar da rigakafi a Kano har watan Yuli 2004. Cutar ta sami hanya, ta fita daga Nijeriya ta shiga ƙasashe kamar ashirin, har Yaman da Indonisiya. Wa ya biya wannan bashi? 'Ya'yan talakawa, waɗanda har yau mu ke gani suna jan jiki a bakin tasha.

Me ya kwance ƙullin? An sayo maganin daga Indonisiya, ƙasar da mutane suka amince da ita. Gwamna Ibrahim Shekarau ya bari aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gaba. Duk da haka tabon bai warke da wuri ba, don a cikin 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kuma sai a watan Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa cutar, irin wadda ke yaɗuwa da kanta, ta bar Nijeriya.

Yanzu ku dubi wani labari da a ke koya wa ɗalibai a wannan fanni. A cikin 1982 a birnin Shikago na Amurka wani mugu ya sa guba cikin maganin ciwon kai mai suna Tylenol, mutum bakwai suka mutu. Kamfanin Johnson & Johnson ya yi shela kada kowa ya sha, ya janye kwalabe miliyan 31 daga kantuna, ya yi hasarar kamar dala miliyan 100, sa'an nan ya komo da kwalba mai hatimi wadda in an taɓa ta kowa zai gane. Ba a daɗe ba masu saye suka komo.

Ilmin ke nan a taƙaice. Ka yi magana da wuri kafin jita-jita ta riga ka. Ka faɗi abin da ka sani, ka kuma faɗi abin da ba ka sani ba tukuna. Ka nemi bakin da mutane suka yarda da shi. In akwai hasara ka ɗauke ta, kada ka ɗora wa wanda aka cuta. Wane ɗan kasuwa ne bai san wannan ba? Mai hatsin da ya ga ƙwari sun ɓata buhu, ya kira mai saye ya nuna masa, ya rage kuɗi, ya yi hasarar yini ɗaya amma ya sami abokin ciniki na shekara ashirin. Wanda ya buga wa mudunsa gindi kuwa, ran da aka kama shi ko ya rantse da abin da zai kashe shi ba mai komowa rumfarsa.

Amma tsoron dattijon nan yana da dalili, ba zan ɓoye ba. Wuƙar da a ke yanka rago da ita, da ita a ke yanka aljihu. Da yawa cikin masu wannan takarda sun zama sojojin baka. Babban mutum ya yi ɓarna, su kuma su hau rediyo da Facebook su wanke shi tas, su ce maƙiya ne ke ƙulla masa sharri. Ku tuna watan Afrilu 2020, sa'ad da masu haƙa kabari a Kano suka fara faɗin cewa gawa ta yi yawa. Da fari aka musa, daga baya aka ce hawan jini ne da ciwon sukari da zazzaɓi. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na Tarayya ya ce mutum 979 ne suka mutu, kuma rabinsu ko fiye mai yiwuwa korona ce sanadi. Ashe mai haƙa kabari ya riga masu digiri faɗin gaskiya!

Saboda haka ga sharaɗin, Baba. Ranar da zai tafi, ka zaunar da shi a rumfarka ka gaya masa cewa kuɗin makarantarsa daga mudun gaskiya suka fito. Ka ce masa ya koyi faɗin magana da Hausar da kakarsa za ta gane, don a Getso da Garo ba da Turanci a ke jin tsoro ba. Ka ce masa aikinsa na farko shi ne ya shiga ofis ya gaya wa maigidansa gaskiya mai ɗaci, kafin ya fito ya fuskanci jama'a. In aka ce ya yi ƙarya a kan ran mutane, ya ajiye alƙalami ya komo, rumfa ba ta ƙi shi ba.

Muna bukatar irin waɗannan yara a asibitocinmu, da ofisoshin ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Annoba za ta sake zuwa, gobara za ta sake tashi a kasuwa, ruwa zai sake cin gonaki. A ranar, gara mai yi mana bayani ya zama ɗanmu wanda ya san mu, wanda kuma zai ji kunyar haɗa ido da ubansa in ya yi ƙarya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Allah ya ba yaron sa'a, ya sa ya komo mana da abin da zai amfane mu.