Kyan Harafi Ba Ya Isa Sai da Ƙugiya

Masu sayar da yaji, turaren wuta da kunun aya sun gano wani sirri: idan haruffan takardar da aka manna wa kwalba suka yi kama da rubutun hannu, mai saye yakan ji cewa kayan na gida ne, an yi su da kulawa. Shi ya sa duk wanda ya buɗe Canva a waya, ko ya zauna gaban CorelDRAW a shagon ɗab'i, hannunsa ke zarcewa wurin haruffa masu lanƙwashe-lanƙwashe. Ban ga laifin haka ba. Sai dai a ganina kyau ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

A fara da ƙugiya. Yawancin irin waɗannan haruffa an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Ɗauki katin gayyata ka dubi "ɗaurin aure" da "ƙarfe biyu". Ko dai ka tarar da ɗan akwati fanko a gurbin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salo, ya tsaya ƙiƙam, siriri, alhali sauran sun kwanta. Mai shago kuma sai ya cire ƙugiyar ya huta. Maganin bai kai minti ɗaya ba. Kafin ka biya, ka ce, "Malam, buga mini ƙarfe, ɗaki da ɓawo, manyan baƙi da ƙanana, in gani." Salon da ya kasa, a bar shi komai kyansa. Salon Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara don masu koyon karatu, yana da su duka, kuma kyauta ne.

Sai karantuwa. A bar wa sunan kaya ko na amarya ado, amma lambar waya, kwanan wata da adireshi a sa su a fili, yadda 1 ba zai rikiɗe ya zama 7 ba a idon tsohuwa.

Sannan dacewa, don kowace ƙwarya da abokin burminta. Vincent Connare ya zana wa Microsoft salon Comic Sans a 1994, yana kwaikwayon rubutun littattafan zane. Da masana suka yi amfani da shi wajen gabatar da babban sakamakon bincike a cibiyar CERN a 2012, surutu ya yi ta tashi kan haruffan. Abin da ya dace da katin suna bai dace da sanarwar rasuwa ba.

Matasanmu masu zane kuma, har yaushe za mu yi ta aro? Masu rubutun alluna da jikin manyan motoci suna nan da hannunsu mai daɗi. Ku je ku ɗauki hoton aikinsu, ku biya su haƙƙinsu, ku mayar da shi salon kwamfuta mai cikakkiyar ƙugiya.