Tazarar Da Ke Ƙarƙashin Bonet

A shekarar 1964 kamfanin Rootes na ƙasar Ingila ya fito da wata mota mai suna Sunbeam Tiger. Asalinta ƙaramar mota ce, Sunbeam Alpine, mai silinda huɗu, aka cire injinta aka cusa mata na Ford mai silinda takwas daga Amurka. Injin ya cika wurin maƙil, har sai da ma'aikata suka riƙa dukan bangon da ya raba inji da mazaunin direba da guduma kafin ya shige. Da kamfanin Chrysler ya mallaki Rootes a 1967, nasa injin ya ƙi shiga, a shekarar kuma aka daina ƙera motar.

Irin wannan matsala ce ke fuskantar bakanike a Kano ko Kaduna idan ya sanya wa mota lagireto mai kauri saboda zafi, ko ya ɗora injin wani kamfani a tsohuwar Peugeot. Kowane kaya mai kyau ne shi kaɗai, amma wanda ya ƙera wannan bai san da wancan ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne auna tazarar da ke tsakaninsu inji yana kashe, ya huce. A wannan hali ko takarda ce ta ratsa, sai a ce ya zauna.

Alhali kuwa inji ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kan robobi yake zaune, kuma duk sa'ad da aka taka totur sai ya karkata gefe. In robobin sun tsufa karkatar ta ƙaru. Ga kuma zafi. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos. Bututun salansa kusa da inji yakan ƙaru da digiri 600, wato mita ɗaya nasa ya miƙe da milimita 7. Alminiyam kuwa kusan ninki biyu yake yi. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna cewa huhu ma ba ya gogar haƙarƙari kai-tsaye, akwai tantani da ɗan ruwa a tsakani, domin abu ne mai motsi.

Ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ita ce mafi sauƙi, domin kunne yana jin ta. Haɗarin yana ga abin da ba ya ƙara. Tiyon fetur da ke gogar kusurwar ƙarfe yakan cinye a hankali har ya ɗiga a kan salansa. Man birki nau'in DOT 3 yana tafasa a digiri 205 idan sabo ne, amma in ya sha danshi sai ya sauko wajen 140. Bututunsa in ya kusanci salansa, man ya tafasa, direba ya taka birki ya ji fanko.

Saboda haka guduma ita ce ta ƙarshe a jerin magunguna. Lotsa bututun salansa yana rage wa hayaƙi hanya, kankare ƙashin mota kuma yana raunana shi. Ya fi kyau a sauya wa tiyo da waya hanya a ɗaure su, a sa fanka mai lantarki marar kauri, a kafa garkuwar ƙarfe tsakanin salansa da maƙwabtanta tare da barin iska a tsakani.

Awon kansa ba ya cin kuɗi, malami ma yana iya nuna wa ɗalibai. A ɗora curin yumɓu a kan abin da ya fi tsawo, a rufe bonet a hankali, a buɗe, a auna kaurin da ya rage. Sannan a shafa alli inda ake zargi, a zaga da motar har ta yi zafi, a dawo a duba inda allin ya goge.